Tsarin Kasuwancin Amfanin Gona: Yadda Za Ka Shirya Sayarwa Tun Kafin Ka Yi Shuka

Ɗan'uwa manomi, kowace kaka mukan ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Mutum ya sha wahalar damina, ya ci bashin taki, ya yi noma ya yi maimai, Allah ya ba da amfani. Sai ranar kasuwa ya kinkimi buhuna ya tarar kowa ma abin da ya kawo ke nan. Dillali ya yanka masa farashi, shi kuma mai bashi yana jira a gida, dole ya sallama. Bayan wata biyar sai ya dawo kasuwar nan yana sayen hatsin da ya sayar, da tsada.

Sau da yawa ba a gona matsalar take ba. Noman ya yi kyau, shirin sayarwa ne babu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan bayani zai nuna maka yadda za ka tsara sayar da amfaninka tun kafin ruwan farko ya sauka, ko kai kaɗai kake ko a cikin ƙungiyar gama kai.

Me ake nufi da tsarin kasuwanci?

Kada kalmar ta ba ka tsoro, ba aikin manyan kamfanoni kaɗai ba ne. Tsarin kasuwanci shi ne ka zauna ka amsa tambayoyi biyar, ka rubuta amsar a takarda:

1. Nawa buhu ɗaya yake cina kafin ya iso gida?
2. Wa zai saya, kuma wane iri yake so?
3. A ina zan sayar, nawa zai rage a hannuna bayan an cire kuɗin hanya?
4. Yaushe zan sayar, nawa zan ajiye?
5. Idan farashi ya faɗi ko mai saye ya saɓa, me zan yi?

Wanda ya amsa waɗannan a watan Maris ko Afrilu, shi ke zaɓar abin da zai shuka da idonsa a buɗe. Wanda ya bari sai Nuwamba, kasuwa ce za ta amsa masa.

Mataki na farko: san kuɗin buhu ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin komai. Ka sami littafi na musamman, ka riƙa rubuta duk abin da ya fita saboda gonar: hayar gona, shara da huɗa, iri, taki, maganin ciyawa da na ƙwari, kuɗin 'yan ƙwadago da abincinsu, girbi, sussuka, buhuna, da dako zuwa gida. Ko gonar gado ce, ka sa mata kuɗin da za ka samu da ka ba da ita haya. Aikin da kai da iyalinka kuka yi ma ka ƙiyasta shi da abin da za ka biya ɗan ƙwadago. Idan ka bar waɗannan a waje, za ka ɗauka ka ci riba alhali guminka ka sayar a banza.

Ga misali, kuma misali ne kawai, kai ka sa naka lissafin. A ce ka kashe naira 600,000 a hekta ɗaya ta masara. In ka sami buhu 20, kowane buhu ya ci ka naira 30,000. In ka sami buhu 30, ya zama 20,000. In fari ko tsutsa ta taɓa gonar ka tashi da buhu 15, to buhu ya kama 40,000.

Ka ga abu biyu a nan. Na ɗaya, yanzu ka san iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba sai da faɗuwa, kuma in dillali ya taya ka san abin da kake ji. Na biyu, ƙara yawan amfani a fili ɗaya yana rage kuɗin buhu. Shi ya sa hekta ɗaya da ta sami ingantaccen iri da taki a kan lokaci takan fi hekta uku da aka yi wa ɗan yayyafi.

Mataki na biyu: san mai sayenka

Masu saye ba ɗaya suke ba, kowa da abin da yake dubawa.

Mai sayen ƙauye da 'yan kiri. Suna biya nan take, ba ka da kuɗin mota, suna karɓar tiya biyu ko buhu ɗaya. Amma farashinsu shi ne mafi ƙasa, kuma awo a hannunsu yake.

'Yan sari na manyan kasuwanni. Irin su Dawanau a Kano, Giwa da Saminaka a jihar Kaduna, Dandume a jihar Katsina, Maigatari a Jigawa. Suna son kaya da yawa, iri ɗaya, buhu cikakke.

Masu sarrafawa. Gidajen kaji da kamfanonin abincin kaji suna neman masara da waken suya duk shekara, da yawansu kuma sun fi son jar masara domin tana ƙara wa gwaiduwar ƙwai launi. Injinan gyaran shinkafa suna son shanshera iri ɗaya ba gauraye ba, irin FARO 44 da aka saba da ita. Masu matsar mai suna son gyaɗa da waken suya. Waɗannan da sikeli suke saye, suna auna danshi, kuma wani lokaci sai bayan kwanaki suke biya.

Masu fitarwa waje. Riɗi, zoɓo da citta su ne manyan kayansu. Farashinsu yakan fi, amma su ne suka fi tsanani a kan tsabta: ba yashi, ba tsakuwa, ba warin magani.

Kafin ka sayi iri, ka je da ƙafarka wurin mutum biyu ko uku daga cikin waɗannan. Ka tambaye su: wane iri kuke saye? Mafi ƙarancin buhu nawa kuke karɓa? Da kilo ko da buhu? Yaushe kuke biya? A wane wata kuka fi rasa kaya? Amsar tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi kowace daraja. Ka karɓi lambar wayarsu. Sannan ka nemi irin da ya dace a wurin dilan iri amintacce. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da nau'o'in masara masu suna SAMMAZ, na wake SAMPEA, na gyaɗa SAMNUT, kuma malamin gonarku zai faɗa maka wanda ya dace da ruwan yankinku.

Hattara da bin farashin bara. In waken suya ya yi tsada bana, badi kowa shi zai shuka, kuma kun san abin da ke biyo baya. Ka tambayi kanka: wannan tsadar, ƙarancin shekara ɗaya ne ya kawo ta, ko kuwa sabon mai saye ne ya shigo wanda zai daɗe?

Mataki na uku: lissafa abin da zai shiga aljihu

Farashin da ka ji a waya ba shi ne kuɗinka ba. A ce a ƙauye an taya buhu 33,000, a birni kuma ana sayar da shi 38,000. Sai ka ji kamar ka tashi yanzu. To, tsaya ka cire: kuɗin mota 2,500, lodi da saukewa 600, la'adar dillali 500, harajin kasuwa 400. Kai kanka zuwa da dawowa da abinci, a ce 10,000. In buhu biyar ka kai, kowanne ya ɗauki 2,000 daga ciki. Jimla 6,000. Abin da ya rage maka 32,000, ƙasa da na ƙofar gida, ga ɓata yini.

Amma da buhu 100 ne a mota ɗaya, mutum ɗaya ya raka, kuɗin tafiyar nan ya zama naira 100 a kan buhu, kuma shatar babbar mota takan fi sauƙi a kan kowane buhu. Nan ne amfanin ƙungiya yake, za mu zo gare shi.

Ka riƙa rubuta farashin kasuwanni uku kowane mako, ko ba ka da abin sayarwa. Bayan shekara biyu littafin nan zai nuna maka watan da kayanka ke tashi da watan da yake faɗuwa a yankinku, fiye da duk jita-jitar majalisa.

Mataki na huɗu: yaushe za ka sayar?

Da farko ka fitar da zakka in amfanin ya kai nisabi, ka ware abincin gida na shekara da ɗan ƙari. Wannan ba kayan kasuwa ba ne, kada ka taɓa shi. Abin da ya rage ka raba uku:

Kashi na farko, na kaka: ka sayar domin biyan bashi da buƙatun da ba sa jira.
Kashi na biyu, na rani: ka sayar bayan cinkoson kaka ya wuce, daga Janairu zuwa Maris.
Kashi na uku, na bazara: ka sayar dab da damina, kuɗinsa ya zama na taki da iri.

Hikimar ita ce, babu wanda ya san ranar da farashi zai kai ƙarshensa. In ka raba uku, ba za ka sami mafi tsada a kan duka ba, amma kuma ba za ka faɗi a kan duka ba.

Ajiya ma tana da kuɗi. A ce farashin kaka 33,000 ne. Buhun ajiya, hayar sito da raguwar nauyi suka ci 5,000. To sai farashi ya haura 38,000 kafin ka ce ajiyar ta amfane ka. In kuma bashi mai ruwa ne a kanka kana ajiya, ka ƙara wannan a lissafi.

Kuma kada wani ya ce maka hatsi kullum tashi yake yi da bazara. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da shinkafa da alkama, na tsawon kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwanninmu, kuma da yawa daga waɗanda suka cika sito suna jiran tsada sun sayar da hasara. Saboda haka tun ranar da ka ɗaure buhu ka yanke wa kanka farashi biyu: wanda in an kai shi za ka sayar ba tare da jiran ƙari ba, da watan da in ya yi za ka sayar ko nawa ake ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga masu kayan gwari, lissafin ya sha bamban, tunda tumatir ba ya jira. A nan dabara tana wajen shuka. Maimakon ka dasa fili duka a mako ɗaya, ka raba shi kashi-kashi da tazarar mako biyu ko uku, domin kada kayanka duka su nuna a tsakiyar cinkoson rani. Ka kuma tanadi wurin shanya mai tsabta, a kan tabarma ko tamfol, domin ranar da kwando ya faɗi ka yanka ka busar. Masu kiwo su lura cewa azumi da salla suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai a lissafa lokacin fara turke rago daga baya.

Mataki na biyar: inganci shi ne tallarka

Manomi ba ya buƙatar allon talla. Buhunsa ne ke yi masa magana. Mai sayen da ya zazzage buhunka ya tarar ƙasansa daidai da samansa, shi zai neme ka badi.

Bushewa. Masara tana ajiyuwa lafiya idan danshinta bai wuce kashi 13 cikin 100 ba. In babu na'urar awo, ka zuba ɗan hatsi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar shi na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Tsabta. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ko gefen titi ba. A shiƙe, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu. Kada a gauraya iri biyu a buhu ɗaya.

Magani. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Maganin feshin gona ba na zubawa a abinci ba ne, yana cutar da mai ci, yana kashe kasuwa. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Sharaɗinsa hatsi ya bushe sosai, leda ba ta huje ba, kuma a ɗaure kowace leda daban.

Guba ta fumfuna. Masara da gyaɗa sukan kamu da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ido ba ya gani, kuma manyan masu saye suna gwada ta. Akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.

Mataki na shida: sayarwa a ƙungiyance

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai buhu biyar roƙo yake yi a kasuwa, mai buhu 300 ciniki yake yi. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa ta yarda mutum goma su yi rajista, kuma ana yi ne a sashen gama kai na jiha. Da takardar rajista za ku iya buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ku sa hannu a yarjejeniya.

Amma fa tara kaya wuri ɗaya yana da nasa haɗarin. Akwai wata ƙungiya da na yi aiki da ita. Mun sha wahala muka samo mai gidan kaji da ya yarda zai ɗauki mota guda ta masara, a farashin da ya fi na kasuwar garin. Ranar lodi yaronsa ya soka ƙarfen gwaji a buhu na bakwai, sai ga ɗanyar masara da ɓuntu a ƙasa. Ya ƙara soka wasu, ya sami irinsa a buhunan mutum uku. Ya kira ubangidansa, aka ce ya dawo da mota haka. Mutum ashirin da wani abu suka rasa ciniki saboda mutum uku, kuma har yau mutumin bai sake ɗaukar wayarmu ba. Ni ma da laifina, domin ban sa an duba kayan kafin ya zo ba.

Daga ranar nake ba kowace ƙungiya waɗannan ƙa'idoji:

A naɗa mutum uku masu duba kaya, kuma ba wanda zai duba nasa ko na ɗan gidansu.
Kowane buhu a rubuta sunan mai shi ko lambarsa.
A sayi sikeli, a auna a gaban mai kaya, a ba shi rasit.
Sito ya zama da kwaɗo biyu, mukullai a hannun mutum biyu.
Kuɗi ya shiga asusun ƙungiya, ba na shugaba ba, kuma sai da sa hannun mutum biyu ko uku zai fita.
A amince tun farko nawa za a cire a kan kowane buhu domin asusun ƙungiya.
A yanke mafi ƙarancin farashi a taron kowa da kowa, a rubuta, kafin wakilai su tafi ciniki.

Babban abin da ke karya sayarwa tare shi ne matsin kuɗi da kaka: mutum yana son jira, amma buƙata ba ta bari. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna maganin wannan ta hanyar ajiye hatsi a sito a matsayin jingina, mukulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba manomi wani kaso na kuɗin kayansa har lokacin sayarwa. Ku ma kuna iya farawa da adashen ƙungiya, ku riƙa ranta wa mamba a kan buhunansa da ke sito, maimakon ya faɗa hannun mai bada-kaka.

Idan kamfani ya zo da yarjejeniya

Wasu kamfanoni suna ba da iri da taki bashi, su sayi amfani da kaka. Yana iya zama alheri, amma kada ku sa hannu sai kun ji amsar waɗannan, a rubuce, kuma wani ya karanta muku da Hausa: Nawa aka yi wa kayan da aka ba mu kuɗi? Da kuɗi za mu biya ko da buhu, buhu nawa? Farashin saye tsayayye ne ko na kasuwar ranar, kuma wace kasuwa? Sikelin wa za a yi amfani da shi? Wa zai biya kuɗin mota? Kwana nawa kafin a biya mu? In ambaliya ko fari ya ci gonar, yaya za a yi?

In kun sa hannu, ku cika alkawari ko da kasuwa ta ɗan fi. Kuma kada ku ɗaura gonarku duka a kan mai saye ɗaya. Sabon mai saye kuwa, komai daɗin bakinsa, kada ya ɗaga mota sai kun ga kuɗi a asusu da idonku, ba hoton rasit a waya ba.

Jadawalin shekara a taƙaice

Janairu zuwa Maris: rufe lissafin bara, ziyarar masu saye, sauraron hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara.
Afrilu zuwa Mayu: zaɓen abin shukawa, sayar da kashi na uku, sayen iri da taki, taron ƙungiya.
Yuni zuwa Satumba: rubuta kowane kashe kuɗi, kiran masu saye a faɗa musu yadda gona take.
Satumba zuwa Oktoba: tanadin buhuna, tamfol da gyaran sito, kafin su yi tsada.
Oktoba zuwa Disamba: girbi, busarwa, lissafin kuɗin buhu ɗaya, raba amfani uku.

Ba sai ka yi duka bana ba. Ka fara da littafi da biro. Daren nan ka zauna ka tuno abin da ka kashe a gonar bara, ka raba da yawan buhunan da ka samu. In ba ka rubutu, ɗanka ko 'yarka ta rubuta maka. Ka zo da lissafin nan taron ƙungiya na gaba, ko ka kai wa malamin gonarku ku duba tare. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau.